Jar Darar Baba Nomau

Har yau ban manta da safiyar da wani Buzu mai suna Agali ya shigo biro ɗinmu, wato ofishinmu, ya ce hula ya zo nema ba. Ina ba da labarin ne saboda ku da kuka shigo aikin nan bayana, don na lura kuna yawan tambayar me ya sa gilashi na uku daga ƙofa yake zama babu kome a cikinsa idan kaka ta yi. Zan faɗi abin yadda na gan shi. In akwai inda na karkace, Madam Zainabu tana nan, sai ta gyara mini.

Lokacin ban daɗe da ƙare jami'a ba. Tarihi na karanta, aka ɗauke ni mataimakin ma'aji a wannan ƙaramin ɗakin ajiye kayan tarihi na ƙungiyarmu a Tahoua. Ga wanda bai san tsarin ba, Madam Zainabu ita ce darakta, sa hannu na ƙarshe a kan kome nata ne. Ƙarƙashinta akwai ma'aji mai kula da kayan, amma a lokacin babu kowa a kujerar. Sai ni. Wato ni ne mataimakin mutumin da babu shi, aikinsa kuma duk a kaina ya sauka. Aikin farko da aka danƙa mini shi ne tattara dara.

Dara ita ce jar hular nan mai kauri da tsofaffi ke sawa, wasu haka nan, wasu ƙarƙashin rawani. Ba a yi mata aikin zare kamar sauran hulunanmu. Gashin tumaki ne ake jiƙawa a cuɗe a danne har ya kama jikinsa ya zama abu ɗaya. Shi ya sa take da hali irin nata. In ta sha tururi takan yi laushi ta bi siffar duk abin da aka kifa ta a kai, in ta bushe ta riƙe. Darar da ta daɗe a kan mutum takan ɗauki kansa, har kana iya ɗaga ta ka gane ko mai ita mai ƙeya ne. Maƙiyanta asu da laima, don haka muke zuba busasshen ganyen dogon yaro a gindin gilashi. Na samo wata doguwa mai tuntu a Bambeye wajen jikokin wani tsohon soja, na samo wata baƙa gajera a Kalfu. Yawancinsu magada ne suka ba mu, masu su sun riga mu gidan gaskiya.

Ka'idarmu ita ce, in abu ya shigo a auna shi, a ɗauki hotonsa, a ba shi lamba, mai bayarwa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Daga nan ya zama na gida, ba ya fita. Wannan tsanani yana da dalili. Kafin zuwan Madam, an ce manyan gari sukan aiko a ara musu takobi ko alkyabba don biki, kuma ba duka suka dawo ba. Ita ta rufe wannan ƙofa, ta sha zagi a kai, ni kuwa ina ganin ta yi daidai.

Darar Baba Nomau ita kaɗai ce na karɓa daga hannun mai ita. Dattijo ne daga wani ƙauye a ƙasar Affala. Da bazara aka kwantar da shi gidan likita a nan Tahoua, jiki ya yi tsanani, shi da iyalinsa duk sun fid da rai. Ya ji labarin wani yaro na yawo yana tara dara, ya sa aka kira ni. Ya ciro ta daga ƙarƙashin matashi ya ce ta mahaifinsa ce, ƴaƴansa duk sun tafi bariki ba mai sa ta, gara ta zauna inda asu ba zai ci ta ba. Ja ce da ta koɗe ta koma kamar launin jan ƙasa, da ɗan ƙuna a gefe guda. Na tambaye shi har sau biyu ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata, ya dangwala yatsa. Na yi masa addu'a na fito, a raina ina ganin ba za mu sake haɗuwa ba.

Allah bai karɓi ransa ba. Ya warke ya koma gida, ni ban ma sani ba sai ranar da Agali ya zo.

Kaka ce, an fara yankan hatsi amma ba a saki gonaki ba, wato hukuma ba ta ba makiyaya izinin shigowa da dabbobi su ci kara ba tukuna. Agali dogo ne, rawaninsa ya rufe masa baki, ya tsufa amma bai ranƙwafa ba. Ya ƙi zama a kujera, ya zagaya ɗakin har ya tsaya gaban gilashi na uku, ya nuna da yatsa ya ce wannan ce.

Na ba shi ruwa, na roƙe shi ya yi mini bayani daga farko. Ya ce shi ne babba a zangon da ke saukowa daga arewa kowace shekara su yada zango kusa da ƙauyen Baba Nomau. Raƙumansu sun kuɓuce wa yara sun shiga gonar wani mai suna Shu'aibu, sun ci wake, sun tattake dammunan da aka tara. Samarin ƙauye sun kama raƙuman sun ɗaure. Samarin zango kuma sun fara taruwa bakin rijiya, kowa da sandarsa. A ƙauyen, in irin haka ta faru, Baba Nomau ake kira ya duba ɓarna ya yanke abin da za a biya, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafinsa, har ana ce masa Sarkin Ɓarna da wasa. Manoma da makiyaya duk sun yarda da bakinsa. Amma wannan karon ya ce ba shi fita.

Na tambayi dalili. Agali ya ce Shu'aibu ɗan ƙanen Baba Nomau ne. Tsohon ya ce da farar hula shi baffan Shu'aibu ne, duk abin da ya yanke za a ce ko ya bi jini ko ya ci amanar jini. Darar nan ce in ya sa ta kowa ya san ba baffan kowa ba ne. Na ce to ai dara tana nan a kasuwa, in kuɗi ne ni ma ina iya taimakawa. Agali ya dube ni kamar mai tausayi, ya ce shi da kansa ya sayo sabuwa ya kai masa. Tsohon ya yi godiya ya rataye ta a ƙusa, ya ce wannan ba ta taɓa zuwa gona ba, ba wanda ya san ta.

Na ce to me ya hana Baba Nomau aiko wani tun da wuri? Nan Agali ya sassauta rawaninsa daga baki ya ce, yana kira na mushe kamar yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci:

"Mushe, bai san na zo ba. In ya ji, sai mun yi hwaɗa. Mutum kamar Nomau ba shi ba da kyauta ya koma ya ce a maido mishi. Ya gwammace a zubda jini bakin rijiya da a ce ya lashe amansa."

Sai na gane wuyar abin biyu ce. Mu ba mu da ikon fitar da ita, shi kuma ko mun kai masa ba lalle ya karɓa ba. Agali ya ce yana iya riƙe samarinsa zuwa ranar kasuwar Affala. In ta wuce ba a yi sulhu ba, ko dai jami'an tsaro na jandarma su zo, ko abin da ya fi jandarma muni ya riga su.

Na shiga wajen Madam Zainabu. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta ji tausayi ƙwarai, amma a'a. Ta ce ranar da aka ji hula ta fita, washegari jikokin tsohon sojan Bambeye za su zo, jibi wani babba ya aiko a ba shi takobi, ita kuma ba ta da bakin hana su. Gaskiya ta faɗa. Na fito na ce wa Agali ya ba ni zuwa la'asar, ko da yake ban san abin da zan yi da la'asar ɗin ba.

Ni mutum ne mai tsoron kuskure, kuma mai tsoron kuskure yakan karanta doka fiye da wanda ya rubuta ta. Na zauna da ka'idojin gidan ina bi layi layi. A ciki akwai wurin da ya ce ana iya fitar da kaya don nuna wa jama'a a wani wuri, muddin darakta ta yarda, kuma ma'aikaci ya raka kayan ya dawo da shi. An yi wannan ne don makarantu, ba a taɓa amfani da shi ba. Na koma wajen Madam, na ce wataƙila, in ban fahimta a karkace ba, ana iya cewa za a nuna darar a ƙauyen da ta fito. Ta tambaye ni a kan me za a ɗora ta, tunda can babu gilashi. Na ce ina jin a kan wanda ya ba da ita.

Ta jawo takardar izinin nuni. Ta sa hannu, ta ce: "Isufu, kai za ka raka ta. Idonka ba ya barin ta. In ta kwana can, kai ma can za ka kwana. In ta ɓata, kada ka dawo."

Washegari na naɗe ta a farin ƙyalle na sa a kwali, ni da Agali muka shiga motar kasuwa zuwa Affala. Kwalin a cinyata yake, wata mata ta so ta ɗora mini buhun albasa a kai muka kusa ɓatawa. Daga Affala ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da mu. Tun daga bakin gari na ga raƙuman a ɗaure gindin wani gawo, samari na zaune kewaye da su, ba mai fara'a.

Mun tarar da Baba Nomau a zaure da farar hula, ya rame ƙwarai amma idonsa garau. Ya gane ni, ya yi murna, ya ce ga yaron da ya yi masa bankwana bai tafi ba. Da ya ga kwalin, ya kuma ga Agali a bayana, sai fuskarsa ta canza. Ya juya ga Agali ya ce masa tsohon ɓarawon kara, wa ya aike shi? Agali ya ce ba wanda ya aike shi, ya gaji ne da ganin ƙaton kai na zaune a zaure ba ya aikin kome. Na buɗe kwalin. Tsohon bai ko kalli ciki ba.

"Ɗana, rufe abinka. Abin da na ba, na ba."

Na ce masa ba maido masa muka yi ba, tana nan a matsayin kayan gidanmu, aro ne. Ya ce aron abin da ka bayar ai karɓewa ne ta bayan gida, shi bai iya wannan wayon na ƴan lakwal masu boko ba. A nan dabarata ta ƙare. Duk tsawon hanya abin da na shirya ke nan, ga shi ya rushe shi da magana ɗaya. Na dubi takardar da ke hannuna, sai na ga ai ba abin da ke cikinta na faɗa masa ba. Takardar ba ta ce a ara wa kowa kome ba. Na ce:

"Baba, na faɗa ba daidai ba. Ba kai ke aro ba, mu ne. An aiko ni in nuna wa mutanen garin nan hular gidanmu, ga sa hannun shugabata. A Tahoua kan ice muke ɗora ta, a nan ba ni da ice. Roƙonka na zo yi ka ara mana kanka."

Agali ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Baba Nomau ya sa aka kira wani malamin makarantar garin ya karanta masa takardar ya fassara, don ya tabbata ba ƙarya na shirga masa ba. Da aka gama ya ce baƙo ya zo daga nesa ya roƙi abu, ba a hana shi. Ya cire farar hular ya miƙo hannu.

Sai wata matsalar da ban yi tsammani ba ta fito. Ciwo ya rage masa nama har a kai, a wajenmu kuma watanni tana kife a kan icen da ya ɗan fi kansa girma. Da ya sa ta sai ta zurma har kunnuwa. Agali ya ce yanzu kam ya yi kama da tulu da murfi. Tsohon ya cire ta ya ce ba zai tsaya gaban mutane haka ba. Matarsa, Inna Hajo, da ke jin mu daga bakin ƙofa, ta ce a miƙo mata, aikin ɗan lokaci ne. Za ta kara ta a tururi ta kifa a kan ƙoƙon da take gyara ta da shi tun tana amarya.

A nan ne na fi shan wuya. Ka'ida ta hana a canza siffar kayan da aka riga aka auna, ko wanke su ba ma yi sai da shawara. Na fita ina neman rezo don in buga waya, na hau wani tudu bayan gari har na sami Madam. Na yi mata bayani da tsawo, ina jin na maimaita kaina. Ta ce ita ba ta ganin hular daga Tahoua, ni ne a wurin, in yanke abin da zan iya tsayawa a kai. Ta kashe waya. Na tsaya kan tudun, daga can ina hango rijiya da mutanen da ke bakinta. Na sauko na ce wa Inna Hajo ta yi, amma don Allah a gabana.

Ta ɗora tukunya, da ruwa ya tafasa ta riƙe darar bisa tururi tana juya ta a hankali har ta yi laushi. Ta kifa ta a kan wani tsohon ƙoƙo da ya yi baƙi don daɗewa, ta bi bakin da tafin hannu tana matsawa tana shafawa, ta ɗaure gindin da tsumma, ta ajiye a inuwa inda iska ke bi. Ta ce rana tana cinye ja. Ni ina tsugune gefe ina tambayar ko ba ta yi zafi da yawa ba, har ta ce in ina son taimako in je in kore mata kaji. Da ta bushe ya sa, ta zauna daram bisa goshi, ƙunan nan yana gefen hagu.

Bayan azahar muka fita gona. Abin da na gani ban tabbata zan iya kwatanta shi daidai ba. Mutumin da na tarar a zaure shi ne dai, da ramarsa da sandarsa, amma da ya ɓullo daga lungu samarin da ke gindin gawo suka miƙe. Shu'aibu ya taho yana cewa Baffa, tsohon ya wuce shi kamar bai ji ba, sai da ya ce masa Sarki sannan ya amsa. Ya zagaya gonar, manoma a dama, mutanen Agali a hagu, ni a baya rungume da kwali babu kome ciki. Yana duba sawu, yana ɗaga ganyen wake ya ga inda baki ya kai. Wani gefen ya ce wannan sawun awaki ne, kuma ya girmi zuwan raƙuma, awakin gari ne, kada a ɗora wa baƙo. Shu'aibu ya buɗe baki, ya dubi hular, ya rufe. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, rabin hankalina yana kan gumin da na ga yana tsattsafowa a bakin darar, ina lissafin yadda zan rubuta shi a rahoto.

A ƙarshe ya yanke cewa Agali zai biya dammunan da aka tattake da hatsi irinsu, wake kuwa a madadinsa dabbobin zango za su kwana a gonar Shu'aibu bayan an saki gonaki har ta sha taki. Agali ya ce an cuce shi, Shu'aibu ma ya ce an cuce shi. Wani dattijo kusa da ni ya ce in duka biyu sun yi kuka to shari'a ta yi kyau. Aka yi fatiha, aka kwance raƙuma.

Ba mu bar bakin gonar ba Baba Nomau ya cire darar, ya kaɗe ta, ya sa mini a kwali da hannunsa, ya ce ga kayanmu, ya gode da aka ba kansa aiki. Ya zaro farar hular daga aljihu ya sa. Sannan ya kama Shu'aibu a kafaɗa ya ce masa ɗan banza, da ya gyara shingen nan tun da aka gaya masa da duk ba a kai nan ba, ya zo gida da dare ya ɗebi wake a rumbunsa.

Da na dawo na rubuta kome, har tururin da gumin, na ce ni na ba da izini. Na sake auna ta, bakinta ya ragu kaɗan. Madam ta karanta, ta ce in gyara awon a kati in bar tsohon a gefe, kada in goge. Ban san ko yabo ne ko gargaɗi ba, ban kuma tambaya ba. Jikokin tsohon sojan ba su zo ba. Wani babba ya aiko neman takobi kamar yadda ta yi hasashe, ta ce a gaya masa sai in zai yarda ma'aikaci ya bi shi har ɗakin amarya, maganar ta mutu.

Abin da na ɗauka daga wannan, in har na ɗauki daidai, shi ne mu masu tara kaya mun saba da kayan da suka gama aikinsu, har mukan manta mu tambaya. Na tambayi Baba Nomau sau biyu ko ya tabbata, amma ban tambaye shi me hular take yi a garinsu ba. Yanzu duk wanda ya miƙo mini abu, kafin awo da hoto sai na tambaye shi wa zai neme shi in babu shi. Ku ma ina roƙonku ku riƙa yi. Kuma in mutum ya ba ku kyauta yana kan gadon ciwo, ku bar masa wata ƴar ƙofa da zai bi ba tare da ya ji kunya ba, don mutanenmu sun fi jure rashi a kan su ce a maido.

Tun daga shekarar, in an fara yankan hatsi nakan rubuta takardar nuni, Madam ta sa hannu, in kai darar. Yanzu an yarda ta zauna can wajen malamin makarantar, shi ke tsaya mana, har a saki gonaki. Baba Nomau bai taɓa neman ta da bakinsa ba, ko sau ɗaya. Kowace shekara sai na je na roƙe shi aron kansa, shi kuma sai ya yi kamar zai duba ko yana da sarari. Saboda haka in baƙo ya tsaya gaban gilashi na uku ya tambaye ku ina abin da ke ciki, kada ku ce ana gyara. Ku ce masa ta tafi aiki.